Siya Kolisi: Yaron Zwide da ya ɗaga kofin duniya sau biyu

Ranar 9 ga Yunin 2018, a filin wasa na Ellis Park da ke Johannesburg, ba a kai minti 20 da take wasa ba Ingila ta riga ta tara maki 24, Afirka ta Kudu kuwa tana da 3 kacal. Ga wanda bai san wasan zari-ruga ba, kamar a ce an zura wa ƙungiya ƙwallo uku ne tun 'yan kallo ba su gama neman wurin zama ba.

Wannan ce ranar farko da Siya Kolisi ya jagoranci tawagar ƙasarsa, wadda ake kira Springboks. Tun 1891 ƙasar take buga wasannin ƙasa da ƙasa, kuma a tsawon shekara 127 ɗin nan ba a taɓa damƙa wa baƙar fata kyaftin a cikakken wasan ƙasa da ƙasa ba sai a wannan rana. Akwai mutane da dama a Afirka ta Kudu da suka riga suka yanke hukunci cewa siyasa ce ta ba shi muƙamin, ba ƙwarewa ba. Da a ce wasan ya ƙare yadda ya faro, da sun samu abin faɗa na shekaru.

Kolisi ya tara 'yan wasansa a gindin turakun gola ya yi musu magana. Kafin a tafi hutun rabin lokaci Afirka ta Kudu ta wuce gaba, aka kuma tashi 42 da 39.

Wasan da ya raba ƙasa gida biyu

A ƙasar Hausa ƙwallon ƙafa aka sani, don haka sai an ɗan yi bayani. A zari-ruga kowane ɓangare na da 'yan wasa 15, ana yin minti 80, ƙwallon kuma mai siffar ƙwai ce. Ana rungumar ta a ruga da gudu, amma ba a miƙa wa abokin wasa da hannu sai ta baya ko ta gefe. Wanda ya tsallake layin ƙarshe na abokan hamayya ya dire ta a ƙasa ya ci maki 5, sannan a ba ƙungiyarsa damar bugun ƙarin maki 2 ta tsakanin turaku. Bugun fanareti maki 3 ne. Mai riƙe da ƙwallo kuwa halal ne a cafke shi a maka da ƙasa, muddin ba a taɓa wuya ko kai ba.

A Afirka ta Kudu wannan wasa ya wuce wasa. A zamanin mulkin wariyar launin fata, koriyar rigar Springboks mai hoton barewa a ƙirji ta zama tutar Turawa 'yan Afrikaner. Baƙaƙen fata da yawa kan goyi bayan duk ƙasar da ta zo karawa da su, ko wace ce. Sai a 1981 wani da ba farar fata ba, Errol Tobias, ya fara buga wa ƙasar cikakken wasan ƙasa da ƙasa. A 1995, lokacin da Nelson Mandela ya shigo Ellis Park sanye da riga mai lamba 6 ya miƙa wa kyaftin Francois Pienaar kofin duniya, ɗan wasa ɗaya ne tak a cikin 15 ɗin da suka fara wasan ba farar fata ba, wato Chester Williams.

Abin da ake yawan mantawa shi ne baƙaƙen fata ba baƙi ba ne a wasan. A lardin Eastern Cape, 'yan ƙabilar Xhosa sun fi shekara 100 suna buga zari-ruga, da ƙungiyoyinsu da gasanninsu da gwanayensu, waɗanda doka ta hana su ko mafarkin rigar ƙasa. A cikin wannan gado aka haifi Kolisi. Mahaifinsa ya buga, 'yan uwan mahaifinsa ma sun buga.

Ruwan sukari kafin barci

An haifi Siyamthanda Kolisi ranar 16 ga Yunin 1991. Ranar ta dace da cikar shekara 15 da boren ɗaliban Soweto, washegari kuma majalisar dokokin ƙasar ta kaɗa ƙuri'ar soke dokar da ke rarraba 'yan ƙasa bisa launin fata. Masu rubuta tarihinsa na son wannan dacen. Sai dai soke doka a Cape Town bai sa tukunya ta tafasa a Zwide ba.

Zwide unguwar baƙaƙen fata ce a bayan birnin Port Elizabeth, wanda yanzu ake kira Gqeberha. Iyayensa yara ne sosai lokacin da suka haife shi, mahaifin ma bai gama sakandare ba, don haka kakarsa ta wajen uba ce ta raine shi. A littafin tarihin rayuwarsa mai suna Rise, wanda ya fito a 2021, da kuma hirarraki da dama, ya ba da labarin yadda yake kwana a ƙasa kan matasan kujera, da yadda kakar kan dama masa ruwa da sukari idan babu abin ci don ya samu ya yi barci. Idan aka ba ta biredi ko biskit, takan ɓoye ta kawo masa. Motar wasansa bulo ne da yake turawa a ƙasa. Kakar ta rasu a hannunsa tun yana yaro. Mahaifiyarsa, wadda ya sha gani da raunukan dukan da maza suka yi mata, ta rasu yana ɗan shekara 15.

Ya fara zari-ruga a ƙungiyar unguwa mai suna African Bombers, a filin Dan Qeqe, filin da ya fi yawan tsakuwa da ƙaya a kan ciyawa. Wani malami kuma koci, Eric Songwiqi, shi ya lura da shi ya jawo shi makarantar firamare ta Emsengeni. Yana ɗan shekara 12 aka tafi da su wata gasar yara a garin Mossel Bay. Nan ne masu farautar 'yan wasa suka gan shi, aka ba shi gurbin karatu kyauta a makarantar Grey.

A nan ya kamata a dakata, domin duk abin da ya biyo baya daga wannan gurbi ya fito.

Grey tsohuwar makarantar maza ce ta masu hali a Port Elizabeth. Daga Zwide tafiyar mintoci ce a mota, amma duniya ce daban: filaye masu ciyawa, wurin ninƙaya, ɗakin motsa jiki, gado, da abinci sau uku a rana. Kolisi ya iso bai iya Turanci ba, wani abokin ajinsa farar fata ne ya riƙa koya masa, shi kuma yana koya masa Xhosa. Ya sha faɗin cewa a Grey ne ya fara mallakar safa, kuma a can ne jikinsa ya fara girma yadda ya kamata, don a can ya fara ƙoshi.

Zari-ruga a Afirka ta Kudu a makarantun sakandare ake ƙera shi. Wasu 'yan tsirarun makarantu masu tsada, irin su Grey College ta Bloemfontein da Paul Roos ta Stellenbosch da Paarl Gimnasium, su ne suka samar da kaso mai tsoka na 'yan wasan ƙasa. Wasa ne da ke buƙatar nauyi da tsoka, yaron da ya girma da yunwa kuwa ko yana da basira, a shekara 18 takwaransa da ya ci nama da madara ya riga ya yi masa nisa. Saboda haka ƙofar da yaron unguwa ke bi zuwa rigar ƙasa ƙarama ce ƙwarai: sai an tsamo shi daga unguwar an kai shi makarantar masu kuɗi. Kolisi da kansa ya sha cewa a cikin yaran da suka taso tare akwai waɗanda suka fi shi iya wasa. Su ba a tsamo su ba.

A 2007, ranar da Afirka ta Kudu ta doke Ingila ta ci kofin duniya na biyu, yana ɗan shekara 16 ya kalli wasan a wata mashaya a Zwide, domin babu talabijin a gidansu.

Shekarun benci da kwalba

Bayan sakandare ya koma Cape Town wurin ƙungiyar Western Province, inda Rassie Erasmus ke cikin shugabannin harkar wasa a lokacin. Ya fara buga wa manyan ƙungiyar a 2011, a 2012 kuma ya shiga Stormers, wadda a lokacin take karawa da ƙungiyoyin New Zealand da Ostireliya.

Matsayinsa a fili yana gefen turereniyar da 'yan gaba takwas-takwas ke yi. Aikin mai wannan gurbi ba mai ƙyalli ba ne: shi ne farkon isa inda aka kayar da mutum, ya cafke, ya ture, ya ƙwato ƙwallo ko ya kare ta, ya tashi ya sake. A Afirka ta Kudu lambar rigar wannan gurbi 6 ce, lambar da Mandela ya saka.

Ranar 15 ga Yunin 2013, ana jajibirin cikarsa shekara 22, ya fara buga wa ƙasa a karawa da Scotland a Nelspruit. Daga benci ya taso tun a mintocin farko bayan Arno Botha ya ji rauni, aka kuma zaɓe shi gwarzon wasan. Kowa ya ɗauka hanya ta buɗe.

Ba ta buɗe ba. Shekara uku da suka biyo baya yawanci a benci ya yi su, ga rauni nan da can. A gasar kofin duniya ta 2015 a Ingila, wadda Japan ta ba duniya mamaki ta doke Afirka ta Kudu 34 da 32, mintoci kaɗan ya samu. Daga baya ya fito fili ya faɗi abin da ke faruwa a bayan fage: yana shan giya fiye da kima, yana yawon dare, kuɗi sun zo wa yaron da bai taɓa riƙe su ba, ga kuma abubuwan da ya gani a ƙuruciya da bai taɓa zama ya fuskanta ba. Ya ce matarsa Rachel, wadda ya aura a 2016, da komawarsa ga addininsa na Kirista, su suka ja masa birki. A wannan tsakanin ne kuma ya nemo ƙannensa biyu da suke uwa ɗaya, waɗanda suka shiga hannun hukumar kula da marayu bayan rasuwar mahaifiyarsu, ya ɗauko su ya riƙe.

Ita ma tawagar ƙasar tana cikin nata halin. A 2016 Italiya ta doke ta karon farko a tarihi. A Satumbar 2017 New Zealand ta lallasa ta 57 da nema, Kolisi yana cikin fili. Filayen wasa suka fara zama wayam. A farkon 2018 aka sallami koci Allister Coetzee, Erasmus ya karɓa, a ƙarshen watan Mayu kuma ya sanar da Kolisi a matsayin kyaftin. Hujjar da ya bayar mai sauƙi ce: shi ne kyaftin ɗin Stormers tun 2017, kuma yana wasa mai kyau. Erasmus, wanda shi ma ɗan garin Despatch ne da ke kusa da Zwide, ya ce daga baya bai hango girman abin da naɗin zai zama a ƙasar ba.

Muƙamin ya zo da nasa tarkon. Hukumar wasan da gwamnati sun sa burin cewa rabin tawagar da za ta je kofin duniya na 2019 su kasance ba fararen fata ba. A farkon 2019 Kolisi ya shaida wa wata kafar labarai ta Japan cewa ba ya jin Mandela zai goyi bayan zaɓen 'yan wasa bisa ƙayyade launin fata, kuma shi ba zai so a ɗauke shi saboda fatarsa ba; gyara, in ji shi, daga ƙasa ya kamata a faro, a makarantun unguwanni. Ya sha suka sosai daga baƙaƙen fata da suka ga kamar ya hau tsani ne yana neman janye shi. Masu sukar na da hujja, don ba don matsin lamba ba da ƙofofi da yawa ba su buɗe ba. Amma rabin maganar tasa na biyu, batun makarantu da abinci, shi ne ainihin labarin rayuwarsa, kuma shi ne aka fi yin watsi da shi a cacar bakin.

Yokohama

Saura wata huɗu a fara gasar ya ji rauni a gwiwa, da ƙyar ya murmure. A wasan farko New Zealand ta doke su 23 da 13, kuma ba a taɓa samun ƙasar da ta sha kashi a rukuni ta ci kofin ba. Suka fitar da mai masaukin baƙi Japan 26 da 3, suka tsallake Wales da ƙyar 19 da 16.

Wasan ƙarshe ranar 2 ga Nuwamban 2019 shi ne na 50 da Kolisi ya buga wa ƙasa. Ingila, wadda ke da Maro Itoje ɗan asalin Najeriya a tsakiyar 'yan gabanta, ita masana suka ba nasara, ganin yadda ta yi wa New Zealand a wasan kusa da na ƙarshe. Amma 'yan gaban Afirka ta Kudu suka murƙushe ta a turereniya tun daga farko, Handré Pollard yana ta tara maki da fanareti. Aka tashi 32 da 12. Mahaifin Kolisi na cikin 'yan kallo, tafiyarsa ta farko ke nan zuwa ƙasar waje. Shugaba Cyril Ramaphosa ya sauko fili da riga mai lamba 6.

Wanda ya fara dire ƙwallo a wasan, kuma ɗan Afirka ta Kudu na farko da ya taɓa yin haka a wasan ƙarshe na kofin duniya, shi ne Makazole Mapimpi, ɗan ƙauyen Tsholomnqa a Eastern Cape. Shi bai samu gurbin wata babbar makaranta ba. Ta ƙananan ƙungiyoyi ya lallaɓo, shi ya sa sai da ya kai shekara 27 kafin ya saka rigar ƙasa, Kolisi kuwa tun yana 21. Tazarar shekara shidan nan ita ce kuɗin makarantar Grey.

Bayan wasan Erasmus ya faɗi abin da ya riƙa gaya wa 'yan wasansa: a Afirka ta Kudu matsin lamba shi ne rashin aikin yi, ko a kashe maka ɗan uwa, buga zari-ruga gata ne.

Maki ɗaya, sau uku

A 2021 Kolisi ya koma ƙungiyar Sharks ta Durban, ya kuma jagoranci ƙasarsa ta doke haɗakar 'yan wasan Birtaniya da Ireland da ake kira Lions, wasa biyu cikin uku, a filayen da korona ta hana 'yan kallo shiga.

A Afrilun 2023, ana saura ƙasa da wata biyar a fara kofin duniya a Faransa, jijiyar gwiwarsa ta tsinke a wasa da Munster. Irin wannan rauni yakan ci wata shida zuwa tara. Aka yi masa tiyata, ranar 19 ga Agusta kuma, ƙasa da wata huɗu, ya fito a Cardiff ya jagoranci doke Wales 52 da 16.

Abin da ya biyo baya sai mai ƙarfin zuciya. Ireland ta doke su 13 da 8 a rukuni. Daga nan suka fitar da Faransa a gidanta 29 da 28, suka fitar da Ingila 16 da 15 bayan an daɗe ana jan su, sannan ranar 28 ga Oktoba suka haɗu da New Zealand a Stade de France. A wasan an kori kyaftin ɗin New Zealand, Sam Cane, da jan kati saboda ya bugi kan abokin hamayya. Jim kaɗan bayan hutun rabin lokaci shi ma Kolisi ya yi karo da kan Ardie Savea, aka ba shi katin gargaɗi, ya zauna minti goma a gefe yana jiran alƙalan bidiyo su yanke ko za a mayar da shi ja. Ba a mayar ba. Har yau 'yan New Zealand na ƙorafi a kan wannan bambanci. Aka tashi 12 da 11.

Da haka Afirka ta Kudu ta zama ƙasa ta farko da ta ci kofin sau huɗu, Kolisi kuma ya zama kyaftin na biyu, bayan Richie McCaw na New Zealand, da ya ɗaga shi sau biyu a jere. Ramaphosa ya ba da hutun ƙasa ranar 15 ga Disamba.

Masu bin wasan da idon basira ba sa cewa Kolisi ne ɗan wasan da ya fi kowa a tawagar. A wasan ƙarshe na 2023 Pieter-Steph du Toit ne ya yi aikin da ya fi na kowa, da kamu 28. Sau da yawa ma ana cire Kolisi kafin a tashi. Ƙarfinsa a wani wuri yake: ya iya magana da alƙalin wasa ba tare da ya harzuƙa shi ba, yakan bar wa wasu manyan 'yan wasa irin su Eben Etzebeth da Pollard yanke shawara a fannin da suka fi shi sani, kuma ya haɗa ɗan Afrikaner na gona da yaron unguwa a ɗakin sauya kaya ɗaya har kowa ya saki jiki. A zamaninsa ne waƙoƙin gargajiya na Xhosa da ake kira gwijo suka shiga bakin tawagar da na 'yan kallo, a filayen da a da ba a jin komai sai Afrikaans da Turanci.

Paris ba ta karɓe shi ba

Bayan gasar ya koma ƙungiyar Racing 92 ta Paris da kwantiragin shekara uku. Kaka ɗaya ya yi. Da aka fitar da ƙungiyar daga gasar Faransa a Yunin 2024, mai ita, Jacky Lorenzetti, ya fito a jarida ya ce Kolisi ya ƙara ƙiba kuma ba a ga amfaninsa a fili ba. Maganar ta yi zafi, amma ta nuna wani abu: a Paris an sayi ɗan wasa ne ana biyan sa don ya yi kamu ya ci mita, abin da ya sa ya fi ƙarfin kuɗi a gida kuwa ba ya shiga jirgi. A watan Satumba ya dawo Sharks. Wata guda bayan haka shi da Rachel suka sanar da rabuwarsu, bayan shekara takwas da 'ya'ya biyu.

Gidauniyar da suka kafa tare a 2020, Kolisi Foundation, ta fara ne da rabon abinci lokacin kullen korona, ta kuma ci gaba da aiki a kan yunwa, da cin zarafin mata, da wasanni a makarantun unguwanni, har da na Zwide. Abubuwa ukun nan duk daga gidan da ya taso suka fito.

A fili kuwa bai gama ba. Ya jagoranci cin gasar manyan ƙasashen kudancin duniya a 2024, suka kuma riƙe ta a 2025, shekarar da suka je Wellington suka doke New Zealand 43 da 10, kashi mafi muni da ta taɓa sha a tarihinta. Idan aka zo kofin duniya na 2027 a Ostireliya zai kasance ɗan shekara 36, kuma akwai matasa da ke jiran rigar.

Ranar 8 ga Nuwamban 2025 ya buga wasansa na 100, da Faransa, a filin da ya ɗaga kofi shekara biyu da suka wuce. Gab da hutun rabin lokaci aka ba Lood de Jager jan kati, Afirka ta Kudu ta koma mutum 14, Faransa na gaba da 14 da 13. Masu horarwa na buƙatar dogon ɗan wasa da zai cike gurbin de Jager, dole wani ya fita, kuma Kolisi aka zaɓa. Rabin lokaci na biyu na wasansa na 100 a bakin fili ya yi shi, yana tsaye yana yi wa abokansa ihu. An tashi 32 da 17.